Katunan da Sarkin Pawa Ya Yanka

Mutumin farko da ya kira ni ɗan'uwa a Alƙahira shi ne ya fara cutata. A Wustul Balad, tsakiyar birnin, muka haɗu, kwanana biyu da sauka, ina tsaye da akwatin ƙarfe ina neman wanda zai gane Larabcina na littafi. Ya gane, har ya yaba. Ya ce shi simsar ne, wato dillalin gidaje, kuma yana da ɗaki kusa da jami'ar addinin da na zo nema. Ya hau da ni bene hawa huɗu, ya nuna mini ɗakin da masu fenti suka bari a buɗe, ya karɓi kusan duk guzurina, ya ce bari ya sauka ya kawo mabuɗi. Na zauna a kan akwatina tun azahar har la'asar sakaliya. Da mai gidan na gaskiya ya dawo ya ji labari, sai ya ce, "Ma'alish," wato in yi haƙuri, ya ba ni ruwa na sha, ya taya ni sauko da akwatin.

Ni Bakano ne, a bayan kasuwa aka haife ni, kuma har yau in na tuna yadda aka wanke ni tas a yini guda kunya nake ji. A kan matakalar benen nan na yi wa kaina alkawari ba zan sake barin abina a hannun wani ba, ko na minti ɗaya. Na daɗe ina ganin wannan alkawari wayo ne.

Kwana shida na yi a wani masallaci a Ainu Shams, inda aka ce mini haya tana da sauƙi. A rana ta bakwai ina alwala famfo ya ɗauke, na ja tsaki. Sai na ji an ce a bayana, "Wannan tsakin na Kano ne."

Na waiwaya na ga dogon mutum siriri da littattafai a hammata. Sunansa Malam Hamidu, mutumin Damagaram, ya girme ni da shekara goma, yana karatun hadisi. Bai tambaye ni me ya faru ba, ganin akwati a masallaci ya ishe shi. Ya ce, "Taso, Bakano. Tun kakanni mu muke ɗaukar muku kaya." Ya kama hannu ɗaya na akwatin, na kama ɗaya, muna tafe muna wasan Kanawa da Damagarawa, ni kuwa ina share hawaye da kafaɗa don kada ya gani.

Ɗakinsa a saman soron wani bene yake, kusa da kejin tantabaru. Mai gidan wata bazawara ce da ake kira Ummu Sayyid, mai faɗa da safe, mai aiko da miyar waken adas da yamma. Ba ta taɓa iya sunana ba, Sama'ila, sai dai ta ce "ya ibni," ɗana. A ɗakin nan na yi shekara biyar, daga farkon shekarun tamanin. Sanyin hunturu yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, zafin bazara yana saukowa ta rufi. Kewar gida kuwa ba ta da lokaci. Wata rana ƙamshin daddawa ya bugi hancina a cikin bas, ban san daga jakar wa ba, na wuce tashata uku ban sauka ba.

Malam Hamidu yana da wata ɗabi'a da na fara gani tun daren farko muna shan shayi. Gwangwanin madara yana da hoton yarinya, sai na ga an ja mata jan layi a wuya. Jaridar da muke shimfiɗa abinci a kai, duk mutumin da ke ciki an ja masa. Har zanen da ke jikin kwalin sabulu bai tsira ba. Ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hoton abu mai rai, kuma hoto kai ne, in an raba kai da jiki ya tashi daga hoto. Yana da jan biro na musamman da ƙaramar rula, waɗanda yake jan layi da su a ƙarƙashin hadisai. Da su yake wannan aiki, a natse, har da bisimilla.

Na ce, "Malam, ashe mahauci na samu. Daga yau kai ne Sarkin Pawa."

Ya ce, "Ka yi dariyarka. Ranar da mala'ikun za su zo maka, za ka so ƙofa a buɗe."

Sunan ya bi shi, har 'yan Nijar 'yan'uwansa suka kama.

Karatuna bai tafi yadda na zata ba. Takarduna sun yi shekara guda suna yawo daga tebur zuwa tebur, kowa yana ce mini "bukra," gobe. Da aka ɗauke ni ma babu tallafi, dole na nemi aiki. Wani Basudane ya haɗa ni da wani Ba'amurke a Ma'adi, unguwar Turawa mai bishiyoyi, injiniyan man fetur da yake mako uku a rijiyoyin bakin teku, mako uku a gida. Da ya ce sunansa Dan, na tsaya ina jira ya ƙarasa, ɗan wa. Aikina shara da wanki da ban ruwan fulawa. Sau uku a mako nake hawa jirgin ƙasa daga Babul Luk, a matse kamar kifin gwangwani.

Mista Dan ba shi da mata a Masar, ba shi da kare, abin da yake tarairaya katuna ne. Ƙananan kwalaye ne da ba su kai tafin hannu ba, a gaba hoton ɗan wasan besbol, wata ƙwallo da Amurkawa suke bugawa da sanda, a baya kuma lissafin bajintarsa. A cikin fakitin cingam ake sayar da su a ƙasarsu, don yara. Amma ga ƙato mai gemu yana wanke hannu kafin ya taɓa su, yana zura kowanne a rigar leda. Ranar da na share teburin na tara su wuri guda kamar karta, fuskarsa ta yi ja har kunne. Bai kore ni ba. Ya zaunar da ni, da guntun Larabcinsa da guntun Turancina, ya koya mini.

Ya ce abu huɗu ake dubawa. Kusurwoyi su zama da kaifi, ba su daku ba. Hoton ya zauna a tsakiya. Babu karaya. Babu tabo, ko na yatsa, balle na tawada. Kuma mafi daraja shi ne katin da aka fara buga wa ɗan wasa a shekararsa ta farko, tun ba a san shi ba, in daga baya ya shahara. Ni na raɗa masa suna katin ɗan fari. Ya nuna mini wani ɗan littafin farashi da ake aiko masa daga gida, ya ce a 'yan shekarun nan mutanensu sun haukace a kan abin, katin da yaro ya saya da kuɗin alewa yana iya sayen keke.

Jinin Kano ya motsa. Na lura iyalan Amurkawa in za su koma gida suna zubar da tarkacen yaransu, masu bikiya kuma suna kwashewa. Su ne masu tura amalanke suna kiran "bikiya, bikiya," suna sayen tsofaffin kaya. Na ƙulla abota da wani dattijo a cikinsu, Ammu Ragab, na ce duk kwalin da ya ga mutum da hula da sanda a jiki ya ajiye mini. Ya ɗauka ina da taɓin hankali, amma yana ajiyewa. Yawancinsu banza ne, sun jiƙe ko yara sun tauna. Jefi-jefi nakan sami mai kyau, Mista Dan ya saya, in sayi littafi ko nama. A hankali na haddace fuskokin mutanen da ban taɓa ganin wasansu ba, ina gane ɗan fari daga nesa. Gaskiya na so abin, ba don kuɗin kawai ba. Akwai daɗi ka tsinci abu mai daraja a cikin shara, kai kaɗai ka san shi.

Sau ɗaya na ba Malam Hamidu labarin wannan sana'a. Ya ce, "Cinikin hotuna, kuma mai kama da caca? Akwai shubuha, Bakano. Kada ka sa mini kuɗinsa a tukunya." Daga ranar ban sake kawo zancen ba, ban kuma taɓa kawo kati ɗakin ba.

A shekara ta biyar ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya ce zaman karatu ne. Sai fuska ta bi, sai amai. Muka yi ta jeka-ka-dawo a wani asibitin gwamnati, muna zama a baranda tun safe. Daga ƙarshe wani likita ya ja ni gefe ya ce ƙodojin duka biyu sun gaji. Ya ce, "In yana da uwa, ku kai mata shi yanzu, tun yana iya zama a kujerar jirgi. Nan da wata guda ban sani ba."

Ban faɗa masa ba, amma malamin hadisi ba yaro ba ne. Muna dawowa a bas ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ban ga Inna ba." Ya juya wajen taga. Ya ce, "Ni ne ɗan farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. Ba na ma so ta kira. In zauna a ƙofar ɗakinta, ta kau da kai, ta turo mini ƙwaryar fura. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Ɗalibai suka yi karo-karo, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, kowa da abin da ya iya. Bai kai rabin tikitin Kano ba, inda daga nan mota za ta ƙarasa da shi Damagaram. Muka je ofisoshi, aka ce bukra.

Cikin wannan hali Ammu Ragab ya tare ni a bakin tashar Ma'adi yana murmushi, ya ɗaga buhu ya zaro kwalin takalmi. Wani iyali ne suka tashi, yaron gidan ya girma ya tafi jami'a, uwar ta zubar. Na buɗe. Katuna sun fi ɗari, kowanne a rigarsa ta leda, kusurwa kamar yau aka yanka. 'Yan fari na gane goma sha wani abu. Na ba shi duk abin da ke aljihuna da agogona, ya ƙara mini da addu'ar Allah ya ba ni lafiya.

Na iske Mista Dan yana haɗa jaka, mota tana jiransa zai tafi rijiyoyi. Ya duba su a tsaye, ya yi fito, ya zauna. Ya ce zai saya duka, kuma abin da ya ambata ya isa tikiti har da guzuri. Sai dai babu kuɗin a hannunsa, sai ya dawo bayan mako uku. Ya buɗe kabad ɗinsa mai mabuɗi ya ce, "Bar su a nan, Ismail. Nan babu danshi, babu mai taɓawa."

Na kalli kabad ɗin, na kalli mabuɗin a hannunsa, sai na ga matakalar benen Wustul Balad. Mutumin nan shekara huɗu bai taɓa cina ko sisi ba. Duk da haka na ce a'a, na rungume kwalina. Kuma ban gaya masa don me nake son kuɗin ba, don ina ganin roƙo ne, ni kuma ciniki na zo yi.

Na kai kwalin ɗakinmu na tura can ƙarƙashin gadon Malam Hamidu, bayan akwatina, yana barcin rana. Shi ma ban gaya masa ba. Na san zai ce ba zai hau jirgi da kuɗin shubuha ba, na shirya in ce masa wani attajiri ne ya biya. Mako uku ina lissafin kwanaki. Ummu Sayyid tana hawo masa da miya marar gishiri, tana zaginsa don bai shanye ba, tana sauka tana goge ido da mayafi.

Ana gobe Mista Dan zai dawo, na shigo bayan la'asar na tarar da Malam Hamidu a zaune, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Fuskarsa a sake. Kwalin yana kan cinyarsa, rula da jan biro suna gefe.

Ya ce, "Bakano, ka ci amanata. Kwana da kwanaki ina jin ƙirjina a cushe a ɗakin nan, na rasa dalili. Yau carbina ya faɗi, na sunkuya nema. Ashe Amurkawa ka tara mini fiye da ɗari a ƙarƙashin gado. Ina jinya, mala'ikun rahama suna tsaye a waje."

Na ɗauki na sama. Ga shi a rigarsa ta leda, kusurwoyinsa lafiya, ga jan layi a miƙe daga wannan gefen wuya zuwa wancan. Na ɗauki na biyu, na uku. Na nemo 'yan farin ɗaya bayan ɗaya. Duk ya yanka su.

Ya ce, "Kada ka damu, ban yar maka da ko ɗaya ba, kayanka ne. Na ga kana ji da su, shi ya sa na bi a hankali, ina fiddawa ina mayarwa, ko lanƙwasa ban yi ba. Tun hantsi nake yi, bik ɗina, jan biron nan, har ya kusa ƙarewa." Ya zaro guda ɗaya daga aljihu yana dariya. Wani ne a tsugune da ragar ƙarfe a fuska, irin masu cafe ƙwallo a bayan mai sanda. "Wannan na ƙyale shi. Shi ya san kunya, ya rufe fuskarsa."

Katin ba ɗan fari ba ne, ko kuɗin shayi ba zai yi ba.

Na so in yi ihu. Na so in ce masa, Malam, jirginka ka yanka, fura ka yanka. Maganar ta zo har bakina. Sai na ga yadda ya jingina da bango ya ja numfashi mai tsawo, irin wanda ya daɗe bai ja ba, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka ji yadda ɗakin ya yi sauƙi?"

Na ce, "Na ji, Sarkin Pawa."

Na fita wajen tantabaru na yi kukan da ban yi ba tun ranar simsar.

Washegari na kai wa Mista Dan kwalin haka nan. Ya zaro ɗaya, ya zaro biyu, ya rufe. Ya tambaya wane yaro ne ya yi wannan. Na ce ba yaro ba ne, malami ne, na kwashe labari duka na gaya masa, har da likita da Inna. Bai gane zancen mala'iku ba, amma ya gane sauran. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Me ya hana ka faɗa mini tun ranar?"

Ya bi abokan aikinsa gida-gida, ya haɗa da nasa, muka ƙara da karo-karon ɗalibai. Cikin kwana goma tikiti ya samu. Amma kamfanin jirgi ya ce sai da takardar likita, likitan kuma da ya ga Malam Hamidu a kwance, ba ya iya ɗaga kai, sai ya mayar da alƙalaminsa aljihu. Ya ce, "Na ce muku wata guda." Na tsaya a barandar asibitin da tikiti a hannu. Da na bar kwalin a kabad, ko da na buɗe baki na roƙa tun ranar farko, da yana Damagaram. Wannan nawa ne, ba na jan biro ba, kuma na san da shi zan mutu.

Muka mai da shi ɗaki don ya ce ba ya son asibiti, akwai kalanda mai hoto a bangon. Ranar wata Talata da hantsi ya kira ni. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Bakano, katunanka. Ka yafe mini? Na taɓa maka kaya ban tambaye ka ba."

Na ce, "Haba Malam, tarkacen wasan yara ne. Ba su da wani amfani."

Ya ce, "Na sani. Amma haƙƙi haƙƙi ne." Ya kalli ƙofa. "Buɗe ta sosai."

Na buɗe. Ya cika kafin azahar, da kalmar shahada a bakinsa. Ummu Sayyid ce ta sayi likkafani, ta ce kada wanda ya yi mata maganar biya. Aka binne shi a wata maƙabarta a bakin hamada, cikin baƙi irinsa.

Mista Dan ya ce a mayar da tikitin da sunana, wani ya kai wa tsohuwar kayan ɗanta. Haka na bar Masar ban gama karatu ba, da akwatin ƙarfe cike da littattafan hadisi masu jan layi a kowane shafi, da kwalin takalmi a jakata. Kwalin yana nan har yau. Wani ɗana da ya san irin waɗannan abubuwa ya taɓa dubawa, ya ce da babu layin da mun sayi gida. Na ce ya mayar inda ya ɗauka.

Na isa Damagaram da rana tsaka. Aka nuna mini gidan, aka yi mini iso. Wasiƙa ta riga ni, an riga an yi zaman makoki an tashi. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, na tura akwatin ciki. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, doguwar fuskarta irin tasa. Ba ta taɓa akwatin ba. Ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen Kano. Sai can ta ce, tana kallon ƙasa, "Wancan ɗin, shi kaɗai ya cika?"

Na ce, "A'a, Inna. Ina wurin, mala'iku ma suna wurin. Shi da kansa ya share musu hanya."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo wata ƙwarya da ke rufe da faifai a gefenta, ta kau da kai wajen bango, ta turo mini.